Wa Ke Biyan Mawaƙi? Asali, Talla da Kuɗi a Waƙar Hausa ta Zamani

Da wuya a yi hirar waƙa a majalisa ko a shirin rediyo na dare a tashi ba a ji wani ya ce mawaƙan yanzu 'yan kasuwa ne, na da su ne na asali. Sai a jera Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata a gefe guda, a jera masu fiyano da kwamfuta a ɗaya gefen, a yanke hukunci cewa waɗancan don fasaha suka yi, waɗannan kuwa don kuɗi. Ƙorafin yana da tushe, amma ba a inda ake nuna shi da yatsa ba. Waƙar Hausa ba ta taɓa zama aikin sa-kai ba. Abin da ya sauya shi ne mai biya, kuma kowane mai biya da irin waƙar da kuɗinsa ke haifarwa.

Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Salisu Jankiɗi kuma na fadar Sarkin Musulmi. Ci da sha da sutura da doki duk daga hannun ubangida suke fitowa. Makaɗan noma da na dambe da na maƙera kowa na da mutanen da yake ci a jikinsu. Ɗan Anace bai yi wa ɗan dambe Shago waƙa don a ce masa sannu kawai ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya waƙe sarakuna da attajirai da direbobi, ya karɓi motoci da riguna, kuma wanda ya raina shi ya san zambo na nan tafe. Talla ma ba baƙuwa ba ce a fagen. Aikin sanƙira ke nan: ya ɗaga murya ya sanar da abin da wane ya bayar, don wanda ke zaune kusa da shi ya ji kunya ya ƙara a kai.

To me ya sa waƙoƙin suka yi ƙarko, alhali saye aka yi? Saboda cinikin na dogon zango ne. Makaɗin fada yakan shafe shekaru da dama tare da ubangida ɗaya, ya san kakanninsa, ya san abokan hamayyarsa a gidan sarauta, ya san abin da ke yi masa daɗi da wanda ke ci masa rai. Waƙa ɗaya za a yi ta rerawa a sallah da naɗi da biki, ana ƙara ɗa, ana zubar da wani, 'yan amshi na gogewa da ita har ta zauna. Kuma a gaban jama'a ake yin ta. Idan ta yi rauni, ubangidan ne ya ji kunya kafin makaɗin. Mai biya da kansa yana buƙatar waƙa mai kyau, domin ita za ta riƙe sunansa bayan ransa. Sarakuna nawa ne yau ba a tuna su sai ta bakin makaɗansu?

Da rediyo da faifai suka shigo, sai murya ta fara tafiya inda mai ita bai je ba. Gidan rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya naɗi makaɗa masu yawa, kamfanoni irin su EMI suka buga faya-fayai, daga baya kaset ya cika kasuwanni. Wannan ya buɗe ƙofa ga irin Ɗan Maraya Jos, wanda da kuntiginsa shi kaɗai ya waƙe karen mota da zaman aure da halin talaka, ba tare da ya jingina da wata fada ba. Amma a nan ne kuma aka fara saba wa mawaƙi da karɓar kuɗi sau ɗaya, wani ya ci gaba da cin ribar muryarsa.

Babban juyi ya zo da fim. Bayan Turmin Danya a 1990, musamman bayan Sangaya a 1999, furodusoshi suka gane cewa waƙa ce ke sayar da kaset. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata a Kano su ne masu jari, su ne masu rarrabawa, saboda haka ra'ayinsu ya zama doka. Akan sa waƙa a tallan fim tun kafin ya fito, wani lokaci ma akan riga an yi waƙar sannan a nemo labarin da za a rataya mata. Fiyano ƙirar Yamaha guda ɗaya a ɗan ƙaramin sutudiyo ta maye gurbin makaɗa biyar ko shida. Dalilin ba ƙin gargajiya ba ne, arha ce. Salon mace da namiji suna musayar baiti, da zaƙin murya irin na finafinan Indiya da aka daɗe ana kallo a silima, suka haɗu suka ba da abin da ake kira nanaye.

Abin lura a wannan zango shi ne mawaƙi ba shi da fuska. Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da sauran takwarorinsu suna rerawa a sutudiyo a sallame su, jarumi da jaruma su hau kan waƙar a fim su kwashe farin jinin. Masu kallo da yawa sun ɗauka muryar jarumin ce. Sai daga baya irin su Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita suka fito da kundin waƙoƙi da sunayensu da hotunansu, aka shiga 'yan shekarun da mai sauraro ke zaro kuɗi daga aljihunsa ya sayi faifan mawaƙi don yana son sa. A ganina wannan ne lokacin da mawaƙin zamani ya fi kusa da 'yanci, ko da yake hukumar tace finafinai ta Kano, da aka kafa a 2001, tana tsaye a kansa: an ɗaure Adam A. Zango a 2007, an kama Aminu Ala a 2009.

'Yancin bai daɗe ba. Wayar hannu da katin memori da masu tura waƙa a bakin kasuwa suka kashe cinikin faifai. Da 'yan canji kaɗan za a cika wa mutum waya da aikin shekara guda na mawaƙa goma, ba tare da ko sisi ya kai gare su ba. Mai sauraro bai daina son waƙa ba, biya ya daina. Da ya janye hannunsa, sai aka bar mawaƙi da masu biya uku: ɗan siyasa, da masu biki, da intanet.

Waƙar siyasa tsohuwa ce. Ɗanƙwairo ya waƙe Sardauna, NEPU kuma na da Gambo Hawaja da Mudi Sipikin, waɗanda suka rubuta nasu ba don wani attajiri na tsaye da jaka ba. Bambancin yau shi ne girman kuɗin da gajartar alkawarin. Dauda Kahutu Rarara ya fi kowa nuna yadda kasuwar take. Waƙoƙinsa sun taka rawa a guguwar Buhari ta 2015. A 2020 ya nemi masoyan Buhari kowa ya tura naira 1,000 kafin ya saki sabuwar waƙa, aka kuwa tura. A zaɓen 2023 ya koma bayan Tinubu, kuma kafin shekarar ta ƙare ya kira 'yan jarida ya soki mulkin Buharin da ya sha yabo. Masu zaginsa sun ce butulci ne, masu kare shi sun ce sana'a ce. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da wannan tsari ke yi wa waƙar kanta. Ɗan takara ba ya sayen abin da zai rayu shekara hamsin; yana son amshi mai kama kunne wanda za a sa a motar kamfe na wata uku, da habaici mai zafi ga abokin hamayya wanda wataƙila baɗi su koma jam'iyya ɗaya. Rarara na da baiwar kama kunne, wannan ba a musu. Amma kayan da aka yi oda don damina ɗaya ba a ɗora masa laifin rashin kai rani.

Waƙar biki ba ta da hayaniya, kuma ita ke ciyar da mawaƙa da yawa. A kawo sunan ango da amarya da iyaye da ƙawaye, a biya, a karɓi waƙa kafin ranar kamu. Sana'a ce ta halal. Illarta dai ita ce jerin sunaye ba ya barin wuri ga tunani, kuma sau da yawa kari ɗaya ne ake sauya wa sunaye.

Intanet ce aka ɗora wa buri, ita ce kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutane na ganin miliyoyin kallo a YouTube sai su ɗauka miliyoyin naira ne. Kuɗin daga talla yake fitowa, kuma farashin talla ya danganta da ƙasar da mai kallo yake. Kallo dubu daga Kano ko Maraɗi bai kama ƙafar kallo dubu daga Ingila ko Amurka ba. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, ya kuma sanar cewa mawaƙan ƙasar sun samu sama da naira biliyan 58 ta hanyarsa a 2024. Sai dai manyan sunayen da ke jan wannan kasuwa su ne su Burna Boy da Wizkid da Davido da Rema, masu masoya a ƙasashen da ake biyan kuɗin sauraro duk wata. Mai sauraron Hausa, duk da yawansa daga Agadas zuwa zangon Kumasi zuwa Sudan, galibi kyauta yake ji, a Audiomack ko a shafukan saukewa ko ta hannun aboki. Don haka intanet ga mawaƙin Hausa ta fi zama allon talla. Waƙa ta yi tashe a can, sai farashinsa ya tashi a wurin biki da gala da gidan ɗan siyasa.

Allon kuma na da nasa sharuɗɗan. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game gari a 2020, lokacin kullen korona, bayan da mata suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka wa mazajensu rawa da ita. Daga nan kowa ya gane darasin: abin da ake nema shi ne 'yan daƙiƙoƙin da za a iya yankewa a yi rawa da su a TikTok. Sauran baitocin cike gurbi ne. Surutu ma ya zama jari, domin waƙar da aka yi wa ca a kan rashin tarbiyya ta samu tallan da ba ta biya ba. Warr da Chass na Ado Gwanja sun sha irin wannan suka a 2022. Abin dariyar shi ne, idan asali ake nema, salon Gwanja na zaurance da gugar zana irin na taron mata ya fi kusa da amadar Barmani Choge fiye da yadda masu sukarsa za su so su amsa. Ita ma Barmani a zamaninta ba kowane malami ne ya yi mata kallon arziki ba.

A cikin wannan kasuwa, asalin kansa ya zama haja. Mawaƙi ya sa babbar riga da rawani, a ɗauki bidiyo a gindin ganuwa da dawakai, a ciro sautin kotso da algaita daga cikin kwamfuta, a kira abin komawa gida. Naziru M. Ahmad, wanda Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Sarkin Waƙarsa a 2018, ya gina suna a kan wannan salo na fada, Aminu Ala kuma a kan nauyin kalma irin na rubutacciyar waƙa. Dukansu suna da fasaha, ba ina ƙaryata su ba ne. Ina cewa ne zaɓin kamannin gargajiya shi ma matsayi ne a kasuwa, yana da masu saye, kuma masu sayen sun fi na waƙar soyayya kauri a aljihu.

A waje lamarin ya fi ban mamaki. A 1987 wasu masu kamfanonin faifai suka zauna a Landan suka ƙirƙiro rukunin kiɗan duniya, don kawai kantuna su san inda za su jera faya-fayan Afirka da Asiya. Tun daga nan mai saye a Turai yake da hoton da yake so Sahel ta ba shi. Mdou Moctar, Buzun Nijar da yanzu ake tallatawa a duniya a matsayin gwanin jita daga hamada, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da gangar kwamfuta da na'urar lanƙwasa murya irin ta mawaƙan nanaye, kuma ta wayoyin hannu waƙoƙin suka yaɗu. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka, wanda ya fito da shi, ya kuma tattara waƙoƙin finafinan Hausa a faifan Harafin So a 2013. Sautin da ake kira na bogi a Kano, shi aka sayar a can a matsayin muryar yankin ta gaskiya.

Asarar da ta fi damuna ba a cika ambatonta a wannan muhawara ba, wataƙila don waɗanda ta shafa ba su da mabiya a intanet. Makaɗin kotso ko taushi ko kalangu a da yana da gurbi a ƙungiya, yana da rabo a abin da aka samu, yana da ɗa ko yaro da ke koyo a gefensa. Yau ana iya naɗar sautin gangarsa sau ɗaya a adana, a yi ta amfani da shi a waƙoƙi ɗari. Wanda ya gaje shi, wato mai haɗa kiɗa a sutudiyo, shi ma yawanci sallamarsa ake yi a ranar, ba takarda, ba kaso, ko da waƙar za ta shekara tana kawo kuɗi. Mata masu amshi haka. Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta tanadi hanyar sa a sauke aikin da aka ɗora a intanet ba da izini ba, amma doka ba ta aiki sai da shaidar wa ya mallaki me, kuma cinikin waƙar Hausa har yanzu da baki ake yin mafi yawansa. Waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Haruna Uji suna nan a tashoshin YouTube barkatai, ana sa talla a kansu, kuma da yawa daga masu tashoshin ba su haɗa komai da iyalan mawaƙan ba.