Jinjina ga masu sasancin Laberiya

A watan Yunin 2003, yayin da 'yan tawayen LURD ke ruwan harsasai a bakin Monrobiya, ƙungiyar ECOWAS ta tara masu gaba da juna a Gana, ta ɗora wa Janar Abdulsalami Abubakar nauyin shiga tsakani. Aiki ne na mai dogon haƙuri. Madugan yaƙi sun samu otal da abinci, sai jan ƙafa suke yi, kowa na cinikin kujerar minista.

Matan Laberiya ne suka gaji. Sanye da fararen riguna, ƙarƙashin jagorancin Leymah Gbowee, suka zauna a ƙofar zauren taron suka sarƙe hannuwa, suka ce ba mai fita sai an daidaita. Janar ɗin bai sa an kore su ba, kuma wannan ma dabara ce.

Sojojin Najeriya suka sauka a Monrobiya ranar 4 ga Agusta, Shugaba Charles Taylor ya tafi gudun hijira Kalaba ranar 11, aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Akara ranar 18.

Daga nan wahalar ta soma. Yunƙurin farko na karɓar makamai a Disamba ya rikiɗe ya zama tarzoma, amma rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sake shiri, har ta kwance ɗamarar mayaƙa fiye da 100,000. Aka yi zaɓe a 2005, Ellen Johnson Sirleaf ta lashe. Rundunar ba ta naɗe tabarmarta ba sai Maris na 2018, bayan George Weah ya karɓi mulki lami lafiya.