Kora ko Hana Shiga: Gyara kan Labarin Ƙofar Sakkwato

A zaurukan karatu na ƙasar Gwandu, daga Malisa har Kalgo, akan ji mai ba da tarihi ya ce an kori Malam Abdullahi daga Sakkwato bayan rasuwar Shehu Usmanu a 1817. Lafazin ya zarce ruwayar. Abin da aka ruwaito shi ne ya iso ya tarar ƙofar gari a rufe, an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, sai ya juya.

Ba a korar mutum sai yana ciki, kuma kora tana tafe da wulaƙanci. Ita ce ɗardu a Larabci, wadda aka hana yi wa raunanan muminai a Suratul An'am, aya ta 52. Saddu ma, wato tare hanya, ta yi nauyi a nan, domin da ita Suratul Fathi ta siffanta aikin Ƙuraishawa a Hudaibiyya. Man'u ce ta dace, hana shiga kawai. Wanda ya ce kora ya jingina wa Bello tozarta baffansa, alhali shi ne ya kai masa ɗauki a Kalambaina, inda suka sasanta.