Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Jama'a, akwai wani kiɗa da ya game duniya, ana ce da shi rok. Da yawa suna tsammani Turawa kaɗai suka ƙago shi. To, bari mu bi sawunsa mu gani.

Tushensa yana wurin baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Suna da waƙoƙin ibada, suna da na kukan zuci waɗanda ake kira bulus. Su ne suka gauraya da kiɗan Turawan ƙauye, aka sa jita mai lantarki da ganguna, rok ya fito.

A 1946 wani baƙar fata, Arthur Crudup, ya yi waƙar "That's All Right". A 1954 wani saurayi Bature, Elvis Presley, ya maimaita ta a birnin Memfis, ya ƙara mata sauri da zaƙin murya. Gaskiya ita ce ya iya, kuma bai ɓoye inda ya koya ba. Amma shi aka naɗa sarkin rok, Crudup kuwa ya rasu a 1974 cikin talauci, bai sami hakkinsa ba. Haka Chuck Berry ya yi "Maybellene" a 1955, sai ga sunayen waɗansu mutum biyu an liƙa kusa da nasa, don a raba riba da su.

Laifin nan na kamfanonin faifai ne da gidajen rediyo na zamanin wariyar launin fata, waɗanda suka so waƙar suka ƙi mai ita.

Da kiɗan ya ƙetara Ingila, samarin Landan da suka kafa Rolling Stones a 1962 sun ɗauko sunansu daga waƙar Muddy Waters, gwanin bulus, suka riƙa yabonsa a fili. Wannan halin 'yan halak ne.

Daga baya rok ya yi rassa, ƙara ta yi yawa, har wani lokaci ta danne murya. A ganina wanda ya riƙe kukan zucin nan na asali shi ya fi shiga rai, gama ƙarfin na'ura ba gwaninta ba ne.

Saboda haka, mai karatu, in waƙa ta yi maka daɗi, tambayi wanda ya fara ta, ka ambaci sunansa. Allah ya ba mai hakki hakkinsa, amin.