Jinjina ga Masu Auna Ruwa da Iska

Idan Nuwamba ta kama, masu wasan zamiya a tsaunukan Faransa sukan kasa kunne su ji ƙanƙara nawa za ta zuba. A Korahane, cikin yankin Dakoro, abin da ake jira daga bakin masu hasashen yanayi ya fi wasa nauyi. Damina ta ɗauke, an kai gero rumbu, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas. Tartsatsin wuta ɗaya ya isa ya cinye makiyayar da garke zai rayu a kanta har faɗuwar ruwa.

Shi ya sa nake jinjina wa ma'aikatan hukumar yanayi ta Nijar, da na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974, wadda aka kafa bayan babban farin da ya ƙarar da dabbobin Sahel. Da hotunan tauraron ɗan Adam suke gano inda ciyawa ta yi kauri da inda ta gaza.

Amma zuciyata ta fi karkata ga mutumin ƙauye da ke riƙe da ma'aunin ruwan sama. Duk safiyar da aka kwana da ruwa zai je ya duba, ya rubuta milimita nawa, ya aika ta wayar salula. Ba a kiran sunansa a rediyo, alhali da irin alƙalumansa ake gane ko shekara ta yi kyau. Daga nan ne makiyayi a kwarin Tarka zai san ko ya sayar da bijimi tun yana da ƙiba, ko ya tanadi dusa kafin ta yi tsada.