Mai sassaƙa zanen dutse

"Hali zanen dutse," in ji Bahaushe, kuma da wannan magana ake rufe zancen mutane da dama a Ƙonni, Malbaza da Illela. A ce yarinya ta yi aure uku duk sun mutu. Yau tana son ka kamar ranta, gobe ba ta ƙaunar ganinka, in ta ga alamar za a guje ta sai ta yanki jikinta da reza. A gida a ce masifaffiya ce, ko kuwa iskoki ne, a kai ta ruƙiya. In abin ya ƙi, a tsallaka iyaka zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da ke kan hanyar Sakkwato, ko a nufi Yamai.

In ta yi sa'a, can za ta haɗu da masanin halayyar ɗan Adam, ma'aikacin da nake ganin girmansa ƙwarai. Shi ba ya rubuta ƙwaya. Zama yake yi da ita kowane mako, sau da yawa har shekara, yana tambaya: "Ƙanwata, ran Talatar da kika yanki hannu, me ya faru tun da asuba?" Sai su bi abin daki-daki kamar masu warware zaren da ya sarƙe. Sabon miji bai ɗauki waya ba, zuciya ta raya mata ya gaji da ita, kishiya ta yi dariya a tsakar gida, ƙirji ya ɗau zafi. A kowace gaɓa yana neman inda za a tare wutar. Har ruwan randa yana da aiki: in ta tsoma fuska cikin ruwan sanyi ta riƙe numfashi, bugun zuciya kan ragu, ta sami sararin tunani.

Gwanintarsa tana wajen riƙe abu biyu tare. Yana gaskata ta cewa zafin da take ji ba ƙarya ba ne, yana kuma matsa mata ta sake hanya. Marsha Linehan ta Jami'ar Washington a Amurka ce ta tsara wannan dabara, ta fitar da littafinta a 1993. Sai a 2011 ta bayyana cewa ita ma an taɓa kwantar da ita asibitin ƙwaƙwalwa fiye da shekara biyu tun tana 'yar shekara 17, tana yanka jikinta. Masu binciken da suka bi irin waɗannan marasa lafiya shekara goma sun tarar mafi yawansu sun sami sauƙi.

A ƙasar Hausa aikin ba ya yiwuwa sai da Inna da Baba, don haka yakan kira su ya koya musu yadda za su ƙi biye mata ba tare da sun yi mata baki ba. Ita kuwa wata rana za ta zage shi tas, ta rantse ba ta ƙara zuwa. Ba ya ramawa, ba ya kuma ƙara mata lokaci don lallashi. Ran Talata mai zuwa, ƙarfe goma, zai buɗe ƙofa ya ajiye mata kujerarta.