Harshen Maƙwabta a Lokacin Yaƙi: Sharhi kan Littafin Chimamanda Adichie

Littafin da muka ɗauko a wannan fitowa shi ne Half of a Yellow Sun, wato rabin rana mai ruwan ɗorawa, alamar da ke jikin tutar Biyafara. Chimamanda Ngozi Adichie ce ta rubuta shi da Turanci, ya fito a 2006, aka mai da shi fim a 2013. Labarin yaƙin basasa ne na 1967 zuwa 1970, amma ba a bakin daga marubuciyar ta tsaya ba. Cikin gidaje ta shiga, inda ake so, ake cin amana, ake kuma gulma.

Olanna da Kainene tagwaye ne, 'ya'yan wani attajiri. Olanna ta tare da Odenigbo, malamin lissafi a jami'ar Nsukka. Uwarsa ta ƙi jininta, ta bi gari tana kiranta mayya, ta kuma kawo wata 'yar ƙauye, Amala, har yarinyar ta samu cikinsa. Olanna ta rama da saurayin 'yar'uwarta, zumunci ya tsinke. To, sai ga yaƙi. Olanna ta riƙe 'yar da Amala ta haifa kamar ita ta tsuguna ta haife ta, tagwayen kuma suka shirya a tsakiyar yunwa.

Inda littafin ya fi ƙarfi a ganinmu shi ne zaman gidan haya a Umuahia. Akwai wata baƙuwa 'yar Asaba, Alice, mai kulle kanta a ɗaki tana kaɗa fiyano. Ba ta yi wa kowa komai ba, rashin shiga mutane kawai. Matan gidan suka fara raɗe-raɗin cewa 'yar zagon ƙasa ce, laifin da a Biyafara kan iya jawo wa mutum rasa ransa. Daga baya labari ya zo cewa an kashe danginta a Asaba. A sansanin gudun hijira na Orlu ma, wata mai ciki ta tofa wa likitar da ke duba ta yawu da irin wannan zargi, don kawai likitar ba 'yar ƙabilar Ibo ba ce. Kainene ta mare ta nan take. Wallahi wannan marin ya fi dogon wa'azi.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka ci amanar juna da gaske sun yafe, sun ci gaba da zama. Waɗanda ba su ci amanar kowa ba, su harshen gari ya kama. Masu karatun sira za su tuna ƙagen da aka yi wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, bayan yaƙin Banu Musɗaliƙ. Madina ta yi kusan wata guda cikin ka-ce-na-ce kafin Suratun Nur ta wanke ta.

Sai dai akwai inda muka ga gazawa. Bahaushe a littafin kusan iri biyu ne kawai. Ga Mohammed, ɗan gidan sarauta a Kano kuma tsohon saurayin Olanna, wanda ya sa ta rufe kai da gyale ya fitar da ita lokacin kashe-kashen 1966. Ga kuma Abdulmalik, aminin kawunta a Sabon Gari, wanda ya taɓa ba ta kyautar takalmi, sannan aka gan shi cikin masu kisa. Ba ma musun abin da ya faru a 1966, zalunci ne, addini bai yarda da shi ba. Amma ina ɗan kasuwa, ina mahauci, ina mai goro? Hausawa ma sun zauna a garuruwan Gabas irin su Enugu da Onitsha, suka bar dukiyarsu suka gudu a shekarar, littafin bai ba wani daga cikinsu fuska da suna ba. Marubuciyar da ta ji tausayin baƙuntar Alice, da ta waiwayi waɗannan baƙin ma.

Haka kuma akwai wuraren da aka bayyana kwanciyar mace da namiji ƙarara. Ba littafin da za a bar wa yara a tsakar gida ba ne.

Duk da haka muna ba manya shawarar su karanta, ko a karanta musu. Mu mazauna Sabo, abin da Sabon Gari take a Kano, shi muke a nan. Mun ga rikicin Shagamu na 1999 da wanda ya biyo baya a Kano, mun ga na kasuwar Shasha a Ibadan a 2021. A irin waɗannan ranaku, "an ce" da "wai" kan riga wuƙa isa unguwa, yanzu kuma ga WhatsApp a aljihun kowa. Duk labarin da ya zo mana a kan maƙwabci, Bayarabe ne, Ibo ne ko namu ne, mu tambayi wanda ya gani da ido kafin mu tura wa na gaba.

Allah Ya tsare mana harsunanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.