Hamada Ɗaya, Rabo Biyu: Sake Duban Littafin Shaihu Umar

A cikin littattafan Hausa da aka karanta a makarantun Arewa, kaɗan ne suka kai Shaihu Umar shiga hannun mutane. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi tun yana saurayi, domin gasar rubutun labari wadda Rupert East na Ofishin Fassara a Zariya ya shirya a 1933, aka kuma buga shi a 1934. Marubucin shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya, har ranar da aka kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Turanci a 1967, Adamu Halilu kuwa ya mai da shi fim a 1976.

Wataƙila wani ɗan'uwa zai ce, ai wannan labarin malamin Musulunci ne, me ya haɗa mai bi da shi? Sai mu tuna cewa a cikin littattafai 5 da suka fito daga wannan yunƙuri na Zariya akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa, Kirista, ya rubuta tare da East. Tun daga tushe, adabin boko na Hausa gonar gandu ce, mu ma muna da kuyya a cikinta. Manzo Bulus ma da ya tsaya a Atina, mawaƙan mutanen garin ya kafa hujja da su. Amma babban dalilin da ya sa ya kamata mu sake buɗe littafin nan shi ne, yana nuna mana abin da yake sa baƙo ya koyi harshen wasu ya zama mutum a cikinsu, da abin da yake rufe bakin wani baƙon har ya mutu ba wanda ya ji shi. 'Ya'yanmu kuwa suna bin wannan hanyar hamada har yau.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Shaihu Umar, babban malami a garin Rauta, yana ba almajiransa labarin asalinsa. A Kagara aka haife shi, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Bayan wani hari na kamun bayi, fadawa suka yi wa Makau sharri, sarki ya kore shi daga gari. A cikin wannan rikici aka sace Umar yana ƙaramin yaro. Ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu, har ya iso Kano ya shiga hannun wani Balarabe fatake, Abdulkarim. Wannan mutum ya ƙetare hamada da shi zuwa garinsu, Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi a makaranta. Umar ya yi karatu mai zurfi, ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar ilimi wurinsa.

Uwarsa kuwa ba ta zauna ba. Ta fita neman ɗanta, ta iso Kano, wani mutum mai suna Ado ya yaudare ta da alkawarin zai kai ta wurin yaron. Ta ƙetare hamada ita ma, ta isa Murzuk, a can aka sayar da ita baiwa, aka wuce da ita Tarabulus. Baƙin ciki ya hana ta sakewa, ubangidanta ya sa mata mari. Sa'ad da Umar ya same ta bayan shekaru masu yawa, ƙarfinta ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu.

A makaranta an saba koya wa yara cewa darasin littafin shi ne haƙuri da ladan neman ilimi. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya ne. Wanda ya karanta a natse zai ga mutum biyu, jini ɗaya, sun ƙetare hamada ɗaya, sun shiga cikin masu harshe ɗaya. Ɗaya ya fito shaihi, ɗaya ta ƙare a mari. Wa ya fi wani haƙuri a cikinsu? Lalle uwar ta fi. Abin da ya raba su ƙananan abubuwa ne na yau da kullum. Umar ya shiga yana yaro, lokacin da harshe yake da taushi. Ya sauka a gidan da ake kiransa da sunansa, ana cin abinci tare da shi, in ya yi kuskuren magana a gyara masa ba tare da duka ba. Uwar ta shiga tana babba, ba mai tsaya mata, maganar da take ji daga safe zuwa dare umarni ne da tsawa. Mutum yakan koyi harshe daga bakin wanda yake zama da shi a tabarma ɗaya. Wanda ake yi wa magana daga tsaye kullum, kalmomin aiki kaɗai zai tsinta. Ƙarfin littafin yana nan, cewa Ɓalewa ya ajiye rabon nan biyu kusa da juna, da Hausa mai sauƙi, bai tsaya yin dogon wa'azi a kai ba.

Duk da haka littafin yana da rauni a wuri biyu, kuma ƙaunar da muke yi masa ba za ta hana mu faɗa ba. Na fari, bai tsaya ya nuna mana wahalar koyon harshe ba. Yaro Bahaushe ya faɗa cikin Larabawa, kafin ka juya shafi ya zama gwani. Duk wanda ya bar ƙauyensu ya shiga makarantar mishan inda ake koyarwa da Hausa ko Turanci ya san ba haka abin yake ba. Akwai kunya, akwai dariyar abokai, akwai kuma ranar da mutum zai koma gida ya ga harshen uwarsa ya fara yi masa nauyi. Mai karatu zai so ya san abin da ya rage na Hausa a bakin Umar ranar da ya tsaya gaban uwarsa a Tarabulus. Nan ne zuciyar labarin, amma marubucin ya wuce da sauri.

Rauni na biyu ya fi nauyi. Da yake Umar ne mai ba da labarin, kuma shi ne wanda ya ci ribar tafiyar, alherin Abdulkarim yakan rufe mana ido daga sana'ar Abdulkarim. Mutumin nan mai kirki fataucin bayi yake yi. Hanyar da ta kai Umar makaranta ita ce ta kai uwarsa kasuwa. Ƙauyukan da ake kai wa hari a cikin labarin kuwa na mutanen da a zamanin ake kira arna ne, wato kakannin da yawa daga cikinmu masu karanta wannan rubutu. Sukan bayyana a littafin a matsayin adadin bayin da aka kamo, ba mu jin muryarsu. Ba za mu zargi saurayi ɗan shekara 21 da rashin faɗin kome da kome ba, ya ma yi ƙarfin hali da ya nuna muguntar bauta a fili. Sai dai mai karatu na yau dole ya cike gurbin da idonsa.

Tarihinmu yana da mutum na gaske wanda ya bi irin wannan hanya. Dorugu yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, aka kama shi bawa, aka kai shi Borno. Wani Bajamushe mai yawon bincike, Overweg, ya 'yanta shi. Bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi Heinrich Barth, suka ƙetare hamada ta Murzuk zuwa Tarabulus a 1855, daga nan sai Ingila. A can ya zauna da J. F. Schön, ma'aikacin mishan na CMS, yana magana Schön yana rubutawa. Da taimakonsa Schön ya yi aikin fassarar sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, daga bakinsa kuma aka sami labarai masu yawa na littafin Magana Hausa na 1885. Tun kafin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bakin wani yaro da aka taɓa sayarwa ya riga ya share hanya. Abin da ya buɗe bakin Dorugu shi ne ya sami wanda ya zauna ya saurare shi.

Murzuk ɗin nan da Dorugu ya ratsa, wadda kuma littafin ya ce a nan aka sayar da uwar Umar, gari ne na gaske a yankin Fezzan na kudancin Libiya. Kimanin kilomita 150 daga nan akwai Sabha, babban birnin yankin, inda motocin da suke tasowa daga Agadas sukan sauke fasinja. A Sabha akwai unguwa mai suna Tayuri, galibin mazaunanta Tubawa ne da Abzinawa. Iyalai da yawa na Abzinawa sun shigo Libiya daga Nijar da Mali bayan farin 1973 da na 1984, wasu suka shiga sojan Gaddafi da begen samun takardar zama ɗan ƙasa, da yawa ba su samu ba. A zamanin Gaddafi ba a koyar da harshen Tubawa ko na Abzinawa a makarantun gwamnati, sai a 2013 aka yi dokar da ta amince da harsunan nan ta ba da izinin koyar da su. A wannan shekarar kuma aka soma ba 'yan ƙasa lambar shaida, wanda ba shi da ita sai ya sha wuya wajen fasfo da albashi da karatu mai zurfi. A watan Maris 2012 faɗa ya ɓarke a Sabha tsakanin Tubawa da ƙabilar Aulad Sulaiman, mutum fiye da 140 suka mutu, Tayuri tana cikin wuraren da wuta ta fi ci.

Dubi yaron da ya tashi a irin wannan unguwa. A ɗaki yana jin harshen uwarsa. Abzinawa ma suna da nasu rubutu, tifinag, wanda bisa al'ada uwaye mata ne suke koya wa yara, sau da yawa da yatsa a kan rairayi. A aji Larabci yake ji. A tasha da wurin leburanci zai ji Hausa a bakin baƙi daga Nijar da Nijeriya, gama Hausa ita ce harshen kasuwar Agadas. Yaron nan yana iya sarrafa harsuna uku, amma rashin takarda ɗaya ya tare masa ƙofa. Wannan shi ne abin da littafin Shaihu Umar ya nuna ba tare da ya kira sunansa ba: iya magana ba ya wadatar da wanda ba shi da mai tsaya masa.

Baƙon da yake wucewa kuwa nasa ya fi muni. A watan Afrilu 2017 hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta ba da rahoto cewa ana sayar da baƙi 'yan Afirka ta Yamma a Sabha, ana tsare wasu a gidaje ana dukansu, ana tilasta musu su buga waya gida a aiko da kuɗin fansa. Shekara 83 bayan fitowar littafin, Ado mai alkawarin ƙarya yana nan da ransa, ya sake riga ne kawai. Saurayinmu zai tashi daga Jos ko Kafanchan ko Maraɗi, Hausa ta ɗauke shi lafiya har Agadas, ya ɗauka haka duniya take. Da ya shiga Libiya sai ya ga ana cinikin kansa a gabansa da harshen da ba ya ji. Wayar da aka yi domin gaisuwa ita ce take kawo wa uwa kukan ɗanta.

Maganar Allah ba ta ɓoye mana wannan al'amari ba. An sayar da Yusufu ga fatake, suka kai shi Masar, ya koyi harshen ƙasar har ya riƙa magana da 'yan'uwansa ta bakin tafinta. Amma Littafin Farawa bai wanke 'yan'uwan ba, ɗaukakar Yusufu ba ta mai da cinikin ya zama daidai ba. A nan Nassi ya fi littafin Ɓalewa zurfi. Akwai kuma yarinyar nan ta Isra'ila da aka kamo a hari, take yi wa matar Na'aman hidima. Ba a faɗa mana sunanta ba, amma da uwargijiyarta ta kasa kunne ga maganarta, babban jarumi ya warke daga kuturta.

To, 'yan'uwa, me za mu yi da wannan littafi? Shawarata ita ce ƙungiyoyin matasa da zumuntar mata su karanta shi tare, a bayyane, su tsaya a kan labarin uwar fiye da yadda aka saba. Iyaye da dattawan ikkilisiya su gaya wa mai niyyar tafiya gaskiyar abin da yake bayan Agadas, gama rigakafi ya fi magani. Kada kuma mu ɗauki Larabci abin tsoro. Akwai masu bi a Masar da Lebanon da suke yi wa Almasihu sujada da shi tun ƙarnuka masu yawa, wanda ya ji shi kuwa ba a cinikinsa yana tsaye yana murmushi.

Sa'an nan mu dubi gidajenmu. A Jos da Kaduna da Kano akwai yara mata da ake kawowa daga ƙauye su yi aiki a gidajen masu bi. Wata ba ta jin Hausa sosai, balle Turanci. Da wane irin harshe muke yi mata magana? Tana cin abinci tare da 'ya'yanmu? Tana zuwa makaranta, ko aikinta ɗaukar wa yaran gida jaka? An taɓa tambayarta yadda ake gaisuwa da harshensu? Ko mun riƙe ta da kyau kamar yadda Abdulkarim ya riƙe Umar, akwai sauran tambaya, wato ta wace hanya ta iso hannunmu, uwarta kuma tana ina, ta san halin da take ciki?

Littafin Shaihu Umar ƙarami ne, ana iya gama shi a zama biyu. Ya cancanci a sake buga shi, a sake karanta shi, a kuma yi gardama da shi inda ya yi shiru. Ubangiji wanda ya ji kukan Hajaratu da ɗanta a jeji, shi ya kiyaye 'ya'yanmu da suke kan hanya, ya ba mu kunnen jin baƙon da yake cikin gidanmu. Amin.